Shin ya dace a ɗora injin VR6 a kan Golf 3 mai injin 1.8?

Tambaya: Ina da Golf 3 mai dogon baya, ƙirar 1996, mai injin 1.8, kuma ina yawan bin hanyar Akwanga zuwa Jos da iyali da kaya. Duk lokacin da muka iso Hawan Kibo sai motar ta riƙa nishi, sai na koma giya ta biyu sannan take iya hawa. Bakanikena ya ce akwai injin VR6 mai fulogi shida ɗan Beljiyam a Panteka ta Kaduna, kuma zai iya ɗora mini shi. Shin aikin zai yiwu, kuma ya dace in yi?

Amsa: Malam, aikin zai yiwu, domin kamfanin Volkswagen da kansa ya fitar da Golf 3 mai ɗauke da injin VR6, saboda haka babu shakka gidan injin motarka zai ɗauke shi ba tare da an yanke bodi ba. Amma shawarata ita ce kada ka sayi wannan inji shi kaɗai ka kai gareji da tunanin cewa cire wancan a saka wannan shi ne aikin. Golf VR6 da ta fito daga masana'anta wata mota ce dabam da taka a ƙarƙashin bodi iri ɗaya, kuma injin kashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da suka bambanta su.

Mu fara da alƙaluman da suke jan hankalin mutane. Injin 1.8 na Golf 3 ya zo iri biyu, mai ƙarfin doki 75 da mai ƙarfin doki 90, kuma mai 90 ɗin yana ba da ƙarfin murɗawa na Nm 145. Injin VR6 mai lita 2.8 yana ba da ƙarfin doki 174 da ƙarfin murɗawa na Nm 235. Ke nan ana maganar ninka ƙarfin motar kusan sau biyu. Golf mai 1.8 tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 12 kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa, VR6 kuwa tana kaiwa cikin ƙasa da daƙiƙa 8, kuma iyakar gudunta ya haura kilomita 220 a awa. Duk abin da ke tsakanin injin da kwalta, daga kuloci zuwa taya, an auna shi ne daidai da ƙarfin injin da motar ta zo da shi, tare da ɗan rara kaɗan, kuma wannan rarar ba ta kai ninki biyu ba.

Kafin in shiga abin da aikin yake bukata, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa, wato ko injinka na yanzu yana ba da ƙarfin da aka ƙera shi ya bayar. Motar da ta kusa shekara 30 a kan hanya ba kasafai take riƙe da dawakinta 90 cif ba. A sa ma'aunin matsin silinda a gwada dukkan huɗun: lafiyayyen injin 1.8 yana nuna tsakanin bar 10 da 13, idan kuwa ya sauko ƙasa da 8, ko wata silinda ta yi nisa da 'yan'uwanta, to ringin ko bawul sun gaji. A duba ko bel ɗin taimin ya tsallake haƙori ɗaya, a duba taimin na wuta, a duba matatar iska wadda ƙurar hunturu take toshewa cikin 'yan makonni, a duba ko tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa ta narke ta toshe hanya, domin wannan kaɗai yana iya shaƙe inji har ya kasa hawa tudu alhali a tsaye yana kaɗawa lafiya lau. A ɗaga motar a juya kowace taya da hannu ko birki yana kamawa, a kuma gwada kuloci ko yana sulɓi. Da yawa daga cikin Golf da ke hannun mutanenmu an cire musu na'urar fesa mai ta asali an mayar da su kafireta, kuma idan ba a daidaita kafiretar da kyau ba, mota tana shan mai fiye da da, ƙarfinta kuma ya ragu.

Sannan akwai abin da ba laifin injin ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau, saboda iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Wato ko sabon inji ne, kafin ya kai saman dutsen ya yi asarar kusan kashi goma sha biyu idan aka kwatanta da bakin teku. Haka kuma nauyin da aka amince wa Golf 3 ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, bai wuce kusan rabin tan ba. Idan aka cika ta da manya biyar da buhunan doya a but, komawa giya ta biyu a Hawan Kibo ba alamar ciwo ba ce, abin da aka yi giyar dominsa ke nan.

Idan an bi duk wannan kuma har yanzu zuciyarka tana kan VR6, ga abin da aikin ya ƙunsa, kuma zan fara da giyabos domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Motarka tana amfani da giyabos da ake kira 020, wanda ake sa masa giya ta hanyar sandunan ƙarfe, kulocinsa kuma da kebur yake aiki. Wannan giyabos ba zai ma ɗauru a jikin VR6 ba, saboda ramukan kusoshin bakinsa ba su yi daidai da na injin ba. VR6 yana bukatar giyabos 02A, kuma ba kowane 02A ba, sai wanda aka yi wa VR6 musamman, domin akwai 02A na injuna masu fulogi huɗu, irin na GTI mai bawul 16 da na dizal, wanda a ido suna kama amma bakinsu dabam. Mutum yana iya sayen ɗaya daga cikin waɗannan a kasuwa, sai an zo haɗawa a gane bai shiga ba. Tare da giyabos ɗin dole a samo kulocinsa da filawil ɗinsa da kik ɗinsa, da hannun giya mai aiki da kebur, da kuma jerin fedoji masu ɗaukar famfon kuloci, tun da kulocin 02A da mai yake aiki ba da kebur ba. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba su ma na VR6 ne ake bukata. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a yanke shaf biyu a haɗa da walda don tsawo ya yi daidai, domin shaf mai walda ba ya juyawa a miƙe, yana girgiza mota, kuma yana karyewa ne a lokacin da aka fi matsa masa, wato a kan tudu da kaya.

Abu na biyu, kuma wanda na fi ba muhimmanci a wannan hanya da kake bi, shi ne birki. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san cewa haɗarinsa ya fi yawa a gangarowa, inda birki yake iya ƙwacewa. Golf mai 1.8 tana da faifan birkin gaba mai faɗin milimita 239 ko 256, a baya kuma ganga ce. VR6 ta zo da faifai mai milimita 280, daga baya aka ƙara shi zuwa 288, da faifai a baya, da rim mai inci 15 mai kusoshi biyar maimakon huɗu. Kamfanin bai yi haka don ado ba. Aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya zama zafi, kuma zafin da zai sha ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: motar da ke gudun kilomita 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da birki zai kashe idan aka kwatanta da mai gudun 100. Ƙaramin faifai yana yin zafi da wuri, takalman birki su daina kamawa, man birki ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Injin da ke kai ka gudun 140 cikin sauƙi zai sa ka riƙa kaiwa can ba tare da ka lura ba, ga shi kuma ya ƙara wa gaban motar nauyi. Sauya birkin kuwa yana jawo sauya wasu abubuwan, domin manyan faifan ba sa shiga ƙaramin rim, kuma suna tafiya ne da cibiyar taya da hannuwan ƙasa irin na VR6. Ke nan sabbin rim huɗu da tayoyi huɗu sun shiga lissafi, har da safaya.

Nauyin injin yana da nasa tasirin a kan tuƙi. VR6 tukunyarsa ta baƙin ƙarfe ce, kuma ya fi 1.8 nauyi sosai, dukkan nauyin kuma a gaban tayoyin gaba yake zaune. Idan aka bar sifirin da shakazoba na 1.8, gaban motar zai sunkuya, kwanon baƙin mai ya matso kusa da ƙasa, abin da ba a so a hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu, sannan a kwana motar za ta riƙa neman wucewa gaba maimakon bin sitiyari. Saboda haka sifirin da shakazoba na gaba dole su zama na VR6, haka ma kujerun injin da ƙarafan da ke riƙe su.

Sai maganar zafi, wadda a ƙasarmu ba ƙarama ba ce. An ƙera VR6 ne ta hanyar matse silinda shida a layi biyu masu kusurwar digiri 15 kacal a tsakaninsu, a ƙarƙashin kan silinda guda ɗaya, domin ya shiga wurin da aka tanada wa inji mai fulogi huɗu. Dabarar ta yi kyau, amma sakamakonta shi ne zafi mai yawa a ƙaramin wuri da iska ba ta zagayawa sosai. Ko a Turai an san wannan inji da zafi, balle a watannin Maris da Afrilu a Arewa, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40. Lagireton 1.8 ba zai iya da shi ba. Ana bukatar lagireton VR6 da fankokinsa biyu da na'urar da ke kunna su, da ƙaramin famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe mota. Gidan tamostat ɗinsa (tamostat ita ce na'urar da ke daidaita zafin injin) da bututun ruwan da ya ratsa gaban injin na roba ne, kuma bayan shekaru masu yawa suna tsagewa, don haka a sauya su tun injin yana ƙasa. A nan zan roƙi bakanikenka kada ya bi al'adar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Injin da ba ya kaiwa zafinsa na aiki, kwamfutarsa tana ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda, ringin su ci da wuri. A kuma zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba.

Wayarin shi ne inda ayyuka irin wannan suka fi tsayawa, mota ta kwana watanni a gareji. Injin 1.8 na motarka yana da nozul ɗaya tak da ke fesa mai a saman maƙogwaron injin, kuma famfon man da ke cikin tanki yana turawa ne da matsin kusan bar 1. VR6 yana da nozul shida, kuma yana bukatar matsin bar 3 zuwa 4, saboda haka famfon tanki da matatar mai dole a sauya su, a kuma tabbatar bututun man za su jure. Yana bukatar kwamfutarsa, wadda makanikai ke kira birenbos, da cikakkiyar damin wayoyinsa ba tare da an yanke ba, da na'urar auna iska, da duk sensocinsa. Sa'ar da aka yi ita ce dukkan Golf 3 akwatin fis ɗinsu tsari ɗaya ne, don haka idan wayoyin sun zo cikakku, yawancinsu cusawa kawai ake yi. Matsalar ita ce masu sayar da injin Beljiyam galibi sara wayoyin suke yi da adda a lokacin cirewa. Ƙari a kan haka, motocin da aka ƙera wa Turai daga wajen 1995 suna da makullin hana sata na lantarki, wanda ke nufin sai kwamfutar da akwatin makullin da zoben da ke bakin makunni da ɗan ƙwayar da ke cikin makullin duk sun fito daga mota ɗaya, in ba haka ba injin zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Agogon gaban direba ma sai an sauya, domin allurar juyin inji ta mai fulogi huɗu ƙarya za ta riƙa nunawa. Wanda ya ce zai kauce wa duk wannan ta hanyar ɗora wa VR6 kafireta, to ya zubar da rabin abin da ka biya kuɗi dominsa.

Shi kansa injin da aka nuna maka yana bukatar bincike. VR6 da sarƙa yake aiki ba da bel ba, kuma sarƙar tana ɓangaren da ke haɗe da giyabos, ta yadda sauya ta ko robobin da ke riƙe ta sai an sauke giyabos. Waɗannan robobi suna cinyewa da tsufa, alamarsu kuma ƙarar kacau-kacau ce daga wajen giyabos. Injin da ya shekara kusan 30 a ɗauka cewa yana bukatar wannan aiki, kuma a yi shi kafin a ɗora. A nemi a tada shi a ƙasa, a auna matsin silinda shida, a buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai farin kumfa, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da adireshin shagon.

Game da kuɗin riƙewa, tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 babu mai mota a Najeriya da ke bukatar a tuna masa abin da lita take ci. VR6 yana shan mai fiye da 1.8 a kowane hali, musamman a cikin gari da cunkoso. Yana cin baƙin mai tsakanin lita 5 da 6 a kowane sabis, alhali 1.8 kusan 4 yake ci, fuloginsa shida ne, kuma kayan gyaransa ba su cika kasuwa kamar na 1.8 ba, wanda a kusan kowane gari za ka samu. An tsara shi ne da fetur mai ingancin 95, kuma idan man bai kai haka ba, sensocinsa biyu masu jin ƙwanƙwasa suna sa kwamfuta ta ja wuta baya don kare injin, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Ga kuma dokar hanya: iyakar gudun motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ne a awa, a sauran manyan hanyoyi 80, don haka mafi yawan ƙarin ƙarfin nan babu inda doka ta ba ka damar amfani da shi.

Idan dai sai VR6, hanya ɗaya ce na yarda da ita, wato a samo motar VR6 sukutum wadda ta yi haɗari ta baya ko bodinta ya ruɓe, ko kuma rabin mota na gaba da ba a taɓa ba, a ajiye ta kusa da taka a riƙa kwashewa ana mayarwa, daga fedoji har makulli. Idan ka tara kuɗin wannan da na aiki da na sarƙa da tayoyi, sau da yawa za ka ga cewa sayar da taka ka cika ka sayi mota mai babban inji daga masana'anta ya fi araha, kuma ita tana da daraja a ranar da za ka sayar, saɓanin motar da aka yi wa dashe, wadda dillalai ke karya wa farashi da zarar sun buɗe bonet.

Ga bukatarka kuwa, wadda ita ce hawa tudu da iyali ba tsere ba, akwai matsakaiciyar hanya da ta fi dacewa. Injin 2.0 mai bawul 8, wanda ya zo a Golf 3 GTI da wasu Passat da Vento, yana ba da ƙarfin doki 115 da Nm 166. Dangin injinka ne, yana zama a kan kujerun da kake da su, yana ɗauruwa da giyabos 020, nauyinsa kusan ɗaya da na 1.8, kuma duk bakaniken da ya san Golf ya san shi. Shi ma yana bukatar kwamfutarsa da wayoyinsa da famfon mai mai ƙarfi, kuma ina ba da shawarar a ɗaga birkin gaba zuwa faifai mai milimita 256 mai ramukan iska idan ba shi ne a kai ba, amma aikin bai kai rabin na VR6 ba. Ƙarin dawaki 25 a kan inji mai lafiya bambanci ne da za ka ji a ƙafarka a Hawan Kibo. Wani abin lura shi ne injin dizal 1.9 TDI mai ƙarfin doki 110 yana ba da Nm 235, daidai da VR6, kuma tun daga juyi 1,900 a minti, ga shi tobo ɗinsa yana rage asarar da tsayin dutse ke jawowa. A takarda shi ne injin hawan tudu, sai dai farashin man dizal da ƙarancin masu gyaran famfonsa na lantarki a wajen manyan birane sun sa ba na tura mai motar gida can.

Ko wane inji ka ɗora, lambarsa za ta saɓa da wadda ke cikin takardun motar, kuma wannan saɓani ya isa ya sa 'yan sanda ko jami'an VIO su tsare motar bisa zargin sata. Ka kai rasit ɗin injin ofishin lasisin motoci na jiharka a yi maka rajistar canjin inji, a gyara takardun su nuna sabuwar lamba da sabon girman injin. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, domin idan aka yi haɗari aka tarar da injin da ba shi ne a takarda ba, suna da hujjar ƙin biya. Kada ka sayar da tsohon injin sai sabon ya yi 'yan makonni yana aiki ba tare da zafi ko yoyo ba, kuma tafiyar farko zuwa Jos ka yi ta babu kaya, ka gangaro Hawan Kibo a giya ta biyu ko ta uku kana barin injin ya riƙe motar, da sabon man birki a ciki.